DARASI: YADDA AKE TAIMAKON BAKWAINI YA YI NUMFASHI

'Yan'uwa manoma, a darussan da suka wuce mun yi magana a kan taki, da ajiyar hatsi, da kiwon kaji. Yau za mu bar gona kaɗan, mu shiga ɗakin mai jego. Dalili kuwa shi ne abin da ya same mu a daminar bara.

Matar wani ɗan ƙungiyarmu ta fara naƙuda da dare, cikinta yana wata bakwai. Lokacin maimai ne, rafi ya cika, ba mota a gari. Ta haifi 'ya mace a gida, 'yar mitsitsiya. Jaririyar ta yi kuka kaɗan, sa'an nan ta shiga nishi. Aka yi mata wanka yadda aka saba, aka naɗe ta da zane, aka ce a bari gari ya waye. Da safe aka kai ta ƙaramin asibitin da ke kusa, ba su da iskar oksijin. Suka ce a wuce babban asibiti. A hanya ta cika. Ba wanda ya yi mugunta a cikin wannan al'amari. Kowa ya yi iyakar abin da ya sani. Amma da muka zauna daga baya, muka ga akwai abubuwa da yawa da ba mu sani ba. Su ne muka tattara a wannan darasi, domin a karanta a taron ƙungiya, maza da mata tare.

1. WANE NE BAKWAINI?

Ciki yakan cika a mako 40. Duk jaririn da aka haifa kafin mako 37 su cika, likitoci suna lissafta shi bakwaini, ko da ba a wata na bakwai ya zo ba. Sun kasa su kashi uku: wanda ya zo kafin mako 28, da wanda ya zo tsakanin mako 28 da 32, da wanda ya zo tsakanin mako 32 da 37. Mafi yawansu suna cikin kashi na ƙarshe, su ne kuma suka fi sauƙin ceto.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi bakwaini wajen miliyan 13.4 a duniya, watau kamar ɗaya cikin kowane jarirai goma. Nijeriya tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu, tare da Indiya da Pakistan da Sin da Habasha. Saboda haka wannan ba baƙon abu ba ne. Idan muka ƙidaya haihuwar da aka yi a ƙauyenmu cikin shekara biyu, da wuya a rasa bakwaini.

Akwai masu cewa ɗan wata bakwai yana rayuwa, ɗan wata takwas kuwa ba ya rayuwa. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Kowane mako da jariri ya ƙara a cikin uwarsa, ƙarfi yake ƙarawa. Kada mu fid da zuciya ga ɗan wata takwas, kada kuma mu yi sakaci da ɗan wata bakwai.

2. ME YA SA NUMFASHI YAKE YI MASA WUYA?

Kowane manomi ya san masarar da aka karya ba ta nuna ba. Da bawonta da gezarta duk suna nan, amma ƙwayar ruwa ce. Haka huhun bakwaini yake.

A cikin huhu akwai 'yan jakunkuna ƙanana ƙwarai, masu ɗimbin yawa. Nan ne iska take shiga jini. A cikin kowace jaka akwai wani maiƙo da jiki yake yi, likitoci suna ce da shi safaktan. Aikinsa shi ne ya hana jakar mannewa sa'ad da iska ta fita. Mu ɗauki leda mai ruwa a ciki: idan ta manne, sai da wahala a buɗe ta. Jariri ba ya samun isasshen maiƙon nan sai wajen mako 34 zuwa 35. Wanda ya zo kafin haka, duk numfashin da ya fitar sai jakunkunan su manne, ya sāke buɗe su da ƙarfin tsiya. Ko mu manya, hura balan-balan sabo ya fi wuya a hurawar farko. To, bakwaini kowane numfashinsa hurawar farko ce. Bayan 'yan sa'o'i sai ya gaji.

Wata likita a Amurka, Mary Ellen Avery, ita da abokin aikinta Jere Mead, su suka nuna a shekarar 1959 cewa rashin wannan maiƙo ne yake kashe jariran. A 1963 ɗan Shugaba Kenedi na Amurka ya zo kafin lokaci da kamar mako biyar da rabi, ya rasu da wannan ciwo kafin ya cika kwana biyu, ko da yake manyan likitocin ƙasar suna kansa. Yau yaro irinsa yakan rayu a asibitin gunduma idan akwai kayan da za mu ambata a nan.

Ban da huhu, akwai matsala biyu. Ta fari, ƙwaƙwalwar bakwaini ba ta gama koyon tuna masa da numfashi ba, har yakan tsaya cak kamar ya manta. Ta biyu, ba shi da kitse a jiki, sanyi yana kama shi da sauri, sanyin kuwa yana ƙara masa wahalar numfashi.

3. ALAMUN DA ZA MU DUBA

A buɗe ƙirjin jariri a wuri mai haske da ɗumi, a duba waɗannan:

(a) Saurin numfashi. A ƙidaya tashin ƙirji na minti ɗaya cif, da agogo ko waya. Idan ya kai sau 60 ko fiye, a sāke ƙidayawa. Idan har yanzu haka ne, akwai hatsari.
(b) Nishi a duk sa'ad da ya fitar da iska. Wannan ba kukan yunwa ba ne. Ƙoƙari yake ya riƙe iska kaɗan a huhu domin kada ya manne.
(c) Ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki sosai sa'ad da ya ja iska.
(d) Ƙofofin hanci suna buɗewa da kowane numfashi.
(e) Leɓe da harshe sun yi duhu ko shuɗi-shuɗi.
(f) Numfashi ya tsaya har daƙiƙa 20 ko fiye.
(g) Jiki ya yi sanyi, ko ya kasa kama nono.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tashi zuwa asibiti, dare ko rana. Jaririn da nauyinsa bai kai kilo biyu ba kuwa, a kai shi ko da ba a ga wata alama ba.

4. MATAKAN TAIMAKO

Taimakon yana kama da tsani. Mataki na ƙasa ya fi arha, ya fi ceton rai da yawa. Ba a tsallake shi a hau na sama.

Mataki na ɗaya: allura ga uwa kafin haihuwa

Wannan ilimi daga wurin tumaki aka samo shi. Wani likita a ƙasar Niyu Zilan, Graham Liggins, yana binciken abin da ke sa tunkiya haihuwa. Ya lura cewa 'yan tumakin da suka samu wani irin magani tun suna ciki, ko sun zo kafin lokaci, huhunsu yana riƙe iska. A 1972 shi da Ross Howie suka nuna cewa haka yake ga 'yan Adam. Maganin da aka fi amfani da shi a ƙasashenmu sunansa dekzametason, ba shi da tsada. Ana yi wa uwa allura huɗu, tsakanin kowace da 'yar'uwarta sa'a 12, idan cikin yana tsakanin mako 24 da 34 kuma an ga haihuwa ta matso. Yana hanzarta nunar huhun jariri.

A 2020 aka bayyana sakamakon wani gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a asibitocin Nijeriya da Kenya da Indiya da Pakistan da Bangaladash. A cikin jariran da iyayensu suka samu allurar, kamar 20 cikin 100 suka rasu. A cikin waɗanda ba su samu ba, kusan 24 cikin 100. Amma a kula. Wani gwaji da aka yi kafin wannan ya nuna cewa idan aka ba da allurar barkatai, ba a san ainihin makonnin ciki ba, tana iya jawo ɓarna. Saboda haka ba maganin kemis ba ne. A asibitin da yake iya kula da bakwaini ake yin ta.

Darasi biyu ke nan a gare mu. Mace ta fara zuwa awo da wuri, a yi mata hoton ciki kafin mako 24, domin a san kwanakinta sosai. Sa'an nan idan naƙuda ta taso kafin lokaci, ko faya ta fashe, ko ta ga jini, a tafi nan da nan. Motar da ta fi kowace kyau ga bakwaini ita ce cikin uwarsa.

Mataki na biyu: minti na farko

Da zarar an haifi jariri, a goge shi da busasshen zane mai tsabta, a canja zanen, a shafa bayansa. Idan bai yi numfashi ba, ungozomar da ta samu horo takan ɗauki wata 'yar jakar roba mai murfi, ta rufe masa hanci da baki da murfin, ta riƙa matsa jakar kamar sau 40 a minti, kamar zugazugin maƙeri. Ya kamata a fara wannan kafin minti ɗaya ya cika. Jakar ba ta bukatar lantarki, iskar ɗaki ma ta isa a fara da ita. Abin lura shi ne bakwaini yana da nasa ƙaramin murfi, na manyan jarirai ba ya zama a fuskarsa. Kada a riƙe shi ta ƙafa a juya kansa ƙasa, kada a mare shi, kada a watsa masa ruwan sanyi.

Mataki na uku: ɗumin jikin uwa

Kaza ba ta barin 'yan tsakinta a fili da dare. Zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5 a ma'aunin zafi. A manyan asibitoci ana sa bakwaini a kwalba, amma kwalba tana da tsada, tana kuma bukatar lantarki ba yankewa. A 1978 wani likita a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, Edgar Rey, da ya ga kwalabe ba su isa ba, ya fara ɗora jarirai a ƙirjin iyayensu. Ana kiran wannan renon kangaru, da sunan wata dabbar Ostareliya mai ɗaukar ɗanta a aljihun cikinta. Mu sai mu ce goyon ƙirji.

Ga yadda ake yi. Jariri yana sanye da hula da safa da ƙyallen tsuguno kaɗai. A ɗora shi a tsaye tsakanin nonon uwa, fata da fata, kansa a juye gefe ɗaya, wuyansa a miƙe kaɗan domin hanyar iska ta buɗe. A ɗaure shi da zane, uwa ta rufa da riga. Ana so ya samu sa'a 8 zuwa 24 a yini. Idan uwa ta gaji, uba ko kaka ko inna su karɓa. Ba abin kunya ba ne ga namiji.

A 2021 aka bayyana wani gwaji da aka yi a Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Ile-Ife a nan Nijeriya, a kan jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Waɗanda aka fara musu goyon ƙirji nan take, ba a jira sai sun murmure ba, mutuwarsu ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fara shi da zarar an haihu. Ko jariri yana da robar oksijin a hanci, ana iya yi. A hanyar zuwa asibiti ma, haka za a ɗauke shi. Wanka kuwa a dakatar da shi, gogewa ta isa.

Mataki na huɗu: iskar oksijin

Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. Jaririn da huhunsa ya raunana yana bukatar ƙari. Ana ba shi ta wata siririyar roba mai kai biyu da ake sa wa a hanci, yawanci rabin lita zuwa lita ɗaya a minti. Ana samun iskar ta hanya biyu. Akwai tukunyar ƙarfe, wadda ba ta bukatar lantarki amma tana ƙarewa, sai an kai gari an cika. Akwai kuma injin tace iska, wanda yake jan iskar ɗaki ya ware oksijin. Shi ba ya ƙarewa, amma wuta ta ɗauke ya tsaya. Asibitin da ya yi shiri yakan riƙe duka biyu, da sola da batir.

Oksijin magani ne, kamar takin zamani ne kuma: kaɗan bai isa ba, da yawa yana ƙona shuka. A shekarun 1940 da 1950 dubban bakwaini a Turai da Amurka sun makance domin an cika musu kwalba da oksijin ba awo. Mawaƙin nan na Amurka, Stevie Wonder, wanda aka haifa a 1950, yana cikinsu. Saboda haka tilas a sami 'yar na'urar da ake ɗaura wa a hannu ko ƙafar jariri, mai nuna yawan oksijin a jini, ana ce da ita oksimita. Ga bakwaini ana so lambar ta tsaya tsakanin 90 da 95. Kada ɗan'uwan majiyyaci ya murɗa kan tukunya da kansa don yana ganin ƙari alheri ne. Kada kuma a kawo fitilar kananzir ko taba kusa da ita, gama oksijin yana rura wuta.

Mataki na biyar: sifaf

Oksijin kaɗai ba ya buɗe jakar da ta manne. Ga wannan akwai wata dabara da likitoci suke rubutawa da haruffa huɗu, CPAP, a baki kuma su ce sifaf. George Gregory ya fara amfani da ita ga jarirai a Amurka, ya bayyana ta a 1971. Jariri ne yake numfashi da kansa, na'urar tana tura iska a hankali ba tsayawa, domin jakunkunan su zauna a buɗe.

Mafi sauƙinta ita ce mai kumfa. Iska tana tafiya ta roba zuwa hancin jariri, wata robar kuma tana fita daga nan ta nutse a gorar ruwa. Zurfin da aka nutsa robar shi ne ƙarfin turin. Yawanci ana farawa da santimita 5, likita ya ƙara idan da bukata. Wanda ya taɓa hura kara a cikin ruwa ya san in ya ƙara zurfi sai ya ƙara ƙarfi. Muddin ruwan yana ɓulɓula, aiki yana tafiya. Idan ya daina, iska tana zurarewa a wani wuri, sai a kira nas da sauri. Uwar da ke zaune a bakin gado tana iya zama mai tsaron wannan.

Injiniyoyin Jami'ar Rice ta Amurka da likitocin asibitin Sarauniya Alisabatu da ke Bulantaya a Malawi sun haɗa wata mai arha, da irin famfon da ake sa wa tankin kifi, suka sa mata suna Pumani. A rahoton da suka fitar a 2014, jarirai 71 cikin 100 da aka sa wa ita sun rayu, waɗanda suka samu oksijin kaɗai kuwa 44 cikin 100. A Nijeriya ma, Farfesa Hippolite Amadi ya ci Kyautar Kimiyya ta Nijeriya ta 2023 saboda na'urorin numfashin jarirai da ya ƙera.

Amma sifaf ba ya aiki shi kaɗai. Robar tana iya yi wa hanci rauni, majina tana toshe ta, iska tana cika tumbi sai an sa siririn tiyo ya fitar da ita, wani lokaci ma huhu yakan huje. A wani gwaji a Malawi da aka bayyana a 2019, a kan yara masu ciwon huhu da suka wuce wata ɗaya, a asibitin da ba likita a kusa kullum, waɗanda aka sa wa sifaf sun fi sauran mutuwa. Garma ba ta noma sai da mai riƙo. Akwai kuma wanda ake haɗawa da hannu daga tukunyar oksijin kai tsaye. Ya ceci rayuka, amma yana ba da oksijin tsantsa, wanda ke da hatsari ga ido. Wanda yake gauraya oksijin da iskar ɗaki ya fi.

Mataki na shida: maganin tuna numfashi

Ga jaririn da numfashinsa yake tsayawa, akwai magani mai suna kafeyin, irin sinadarin da ke cikin goro da shayi da gahawa, wanda yake hana mu barci. Yana farkar da ƙwaƙwalwar jariri ta tuna da aikinta. Inda babu shi ana amfani da aminofilin. Ana auna shi daidai da nauyin jariri. Kada kowa ya ce zai ɗura wa jariri shayi ko ruwan goro a gida. Zai shaƙe shi.

Mataki na bakwai: safaktan da bentileta

A 1980 wani likitan Japan, Tetsuro Fujiwara, ya nuna ana iya zuba wa jariri maiƙon huhu da aka samo daga huhun shanu. Ana zuba shi ta tiyo a maƙogwaro, yana aiki da sauri, amma yana da tsada ƙwarai, sai a firji ake ajiye shi, sai kuma ƙwararre ne yake ba da shi. Bentileta kuwa inji ne da yake yi wa jariri numfashin gaba ɗaya. Yana bukatar wuta ba yankewa da ma'aikata dare da rana. Waɗannan biyu sai asibitin koyarwa da makamantansa. Jarirai kaɗan ne suke bukatarsu idan an yi matakai shida na farko a kan lokaci.

5. ABINCI DA TSABTA

Nonon uwa shi ne abincinsa, tun daga dakashi. Kada a zubar da dakashi, gama shi ne rigakafinsa na farko. Idan bai iya tsotso ba, a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi, ko nas ta ba shi ta tiyo. Ba ruwa, ba zuma, ba jiƙo. Duk mai taɓa shi ya wanke hannu da sabulu. A rage 'yan barka, mai tari ko mura ya tsaya a waje. Kada a hura wuta mai hayaƙi a ɗakin. Kada a kai shi wurin wanzami a cire masa beli. Bayan an sallame shi, a koma awon nauyi da rigakafi a ranakun da aka faɗa. Idan an haife shi ƙarami sosai ko ya daɗe a kan oksijin, a tambayi likita inda za a duba masa ido wajen mako huɗu da haihuwa, gama ciwon idon nan yana da magani idan an gan shi da wuri.

6. ME ƘUNGIYA ZA TA IYA YI?

Mu ba likitoci ba ne. Amma jinkirin da ya fi kashe bakwaini a gida da hanya yake faruwa, nan kuwa hannunmu ya kai.

Na ɗaya, mu aiki mutum biyu su zaga asibitocin da ke kewaye da mu tun kafin damina. Su tambaya: Kuna da oksijin kullum? Kuna da oksimita ta jarirai? Kuna da sifaf da wanda ya iya shi? Akwai nas da dare? Ana barin uwa ta yi goyon ƙirji? A rubuta amsa da lambar waya, a manna a ɗakin taro. Da mun san wannan bara, da ba mu ɓata sa'o'i a inda ba kaya ba.

Na biyu, mu buɗe asusun gaggawa na haihuwa. Kowane gida ya ba da mudu kaɗan da kaka, a sayar, a ajiye wurin ma'aji, da ƙa'idar cewa ana iya ɗiba da tsakar dare ba sai an kira taro ba.

Na uku, mu yi yarjejeniya da mai mota ko mai Keke Napep, a ajiye masa mai. A wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW ta yi irin wannan shiri na kai mata masu naƙuda asibiti. Mu tambaya a tasharmu. Macen da ta taɓa haihuwar bakwaini, ko mai cikin tagwaye, ko mai hawan jini, ta koma wurin dangi kusa da asibiti kafin rafi ya cika.

Na huɗu, mu yi gayya. Bakwaini yakan yi makonni a asibiti. Idan gona tana jiran uba, daka da ɗiban ruwa suna jiran uwa, za su nemi sallama kafin lokaci. Mu nome musu gona, matan zumunta su karɓi girki da reno.

Na biyar, idan muna so mu yi wa ƙaramin asibitinmu gudummawa, mu fara tambayar ma'aikatansa. Jakar numfashi da ƙaramin murfi, da ma'aunin zafi, da sikelin jarirai, da oksimita, da sola, sun fi babban injin da ba mai gyara shi amfani. Mu kuma kai kukanmu ga kwamitin lafiya na gunduma a kan horon ma'aikata.

Na shida, mu rage abin da ke jawo haihuwa kafin lokaci. Mai ciki ta kwana a gidan sauro, ta sha maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo, ta ci abinci mai kyau, a rage mata aiki mai nauyi. A ba da tazara tsakanin haihuwa, kada kuma a aurar da yarinya jikinta bai ƙosa ba. Duk da haka, wata za ta kiyaye kome ta haifi bakwaini. Kada a ɗora mata laifi.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. A cikin shekara biyu da suka wuce, bakwaini nawa aka haifa a ƙauyenmu? Nawa suka rayu? A ina aka yi jinkiri?
2. Wa zai iya faɗin alamu bakwai na hatsari ba tare da duba takarda ba?
3. Waɗanne al'adunmu na jego ne suke taimakon bakwaini, waɗanne ne suke cutarsa? Ta yaya za mu yi magana da iyayenmu mata a kan wannan cikin ladabi?
4. Idan naƙuda ta taso da ƙarfe biyun dare a watan Agusta, wa za a tasa, da wace mota, zuwa wane asibiti?

AIKI KAFIN TARO NA GABA

A gayyaci nas ko ungozomar asibiti ta nuna mana goyon ƙirji da 'yar tsana, maza ma su gwada ɗaurawa. Kowa ya koyi ƙidaya numfashin jariri na minti ɗaya. Magatakarda ya rubuta sunayen mutum biyun da za su zaga asibitoci, da ranar da za su kawo rahoto.